Rage wa Jarirai Zafin Allura: Darasi a kan Nonon Uwa da Ɗigon Sukari

Duk wanda ya taɓa zuwa ƙaramin asibitin ƙauye ranar rigakafi ya san yadda wurin yake kasancewa. Mata sun cika benci, wasu suna zaune a gindin bishiya da katin asibiti a hannu. Tun daga bakin hanya ake jin kukan jarirai. Idan layi ya zo kan uwa, sai ta kwance goyo, a kwantar da jaririn a danne masa ƙafa, ita kuwa ta kau da kai don kada ta gani. Wata har hawaye take yi. Idan an gama sai a ce mata, "Ki yi haƙuri, yanzu zai manta."

A cikin zagayen da muke yi a ƙauyuka, mun sha haɗuwa da iyaye mata waɗanda suka kai jariri allurar farko amma ba su koma ta biyu ba. Wasu nisa ne ya hana su, wasu aikin gona. Amma akwai waɗanda suka gaya mana a fili cewa ba za su iya jure wannan kukan ba. Yaron da bai gama rigakafi ba kuwa yana nan cikin haɗarin ƙyanda, tarin shiƙa da sauran cututtuka masu kashe yara.

Mu ma da kanmu mun yi kuskure a kan wannan. Shekaru da dama muna taimakawa a ranakun rigakafi, muna ce wa iyaye mata su cire nono daga bakin jariri kafin a yi allura, wai kada ya sarƙe shi. Abin da muka tarar ana yi ke nan, muka bi. Daga baya muka koyi cewa abin da muke hanawa shi ne abin da ya fi taimakon jaririn.

A cikin wannan darasi za mu duba abubuwa uku: ko jariri yana jin zafi, yadda ɗigon ruwan sukari da nonon uwa suke rage wannan zafi, da kuma inda ya kamata mu yi hattara. Ana iya karanta shi a taron zumuntar mata, ko na ungozomai, ko na kwamitin lafiya na ƙauye. Ya fi kyau a gayyaci ma'aikacin lafiya ya zauna tare da ku.

Shin jariri yana jin zafi?

Mutane da yawa suna cewa jinjiri bai san zafi ba, ko kuwa jikinsa bai yi ƙwarin da zai ji ba. Ba a ƙauye kaɗai aka yi wannan tunani ba. Har zuwa shekarun 1980, likitoci da yawa a Turai da Amurka sun ɗauka haka ne, har akan yi wa jarirai babbar tiyata da ɗan maganin kashe zafi kaɗan, wani lokaci ma babu.

A shekarar 1987 wani likita ɗan asalin Indiya, Dokta Anand, wanda ya yi bincike a Oxford ta ƙasar Ingila, ya nuna cewa bakwainin da aka ba maganin kashe zafi mai ƙarfi lokacin tiyata sun fi samun sauƙi, kuma matsalolinsu bayan tiyata ba su kai na sauran ba. A wannan shekarar ce ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fitar da sanarwa cewa jariri ma ya cancanci maganin kashe zafi kamar kowa.

A 2015 masu bincike a Jami'ar Oxford suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai 10 da manya 10 yayin da ake ɗan tsikarar su a ƙafa. A cikin sassa 20 na ƙwaƙwalwa da suka motsa a jikin manya, 18 sun motsa a jikin jarirai. Ashe jariri yana ji, bakin faɗa ne ba shi da shi.

Maganar "zai manta" ita ma akwai gyara a cikinta. A 1997 wani bincike a birnin Toronto na ƙasar Kanada ya gano cewa yara maza da aka yi wa kaciya suna jarirai ba tare da maganin kashe zafi ba sun fi nuna jin zafi sa'ad da aka yi musu allurar rigakafi bayan wata 4 zuwa 6. Yaro ba zai iya ba da labarin abin da ya same shi ba, amma jikinsa yana riƙe da shi.

Yadda za mu gane

Kuka shi ne alamar da kowa ya sani, amma akwai wasu. Mu dubi fuskar jariri da jikinsa:

• yana haɗa gira, goshinsa ya tattare
• yana runtse ido da ƙarfi
• layin da ke tsakanin hanci da gefen baki yana zurfi
• yana ware yatsun hannu ko ya dunƙule su, yana janye ƙafa
• numfashinsa da bugun zuciyarsa suna sauri

Bakwaini ko jaririn da ciwo ya galabaitar ba lallai ya yi kuka ba, don ba shi da ƙarfi. Shirunsa ba ya nufin ba ya jin zafi. Irin waɗannan jarirai su ne ma aka fi soka wa allura. Wani bincike da aka buga a 2008 a kan jarirai 430 da ke kwance a asibitocin yankin Faris na ƙasar Faransa ya nuna cewa kowane ɗayansu ana yi masa abu mai zafi kimanin sau 10 a rana, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan ayyuka an yi su ba tare da an ba da wani abu na musamman don rage zafi ba.

Ko lafiyayyen jariri ma yana haɗuwa da allura tun ranar haihuwa. Akwai allurar bitamin K, da ta BCG don tarin fuka, da ta ciwon hanta. Idan ana zaton yana da shawara, ko sukarin jininsa ya yi ƙasa, za a soki dunduniyarsa ko jijiyarsa a ɗebi jini. Sai kuma rigakafin sati 6, sati 10, sati 14 da na wata 9. Duk waɗannan don amfaninsa ne, kuma bai kamata a bar ko ɗaya ba. Abin da muke nema shi ne a yi su da sauƙi.

Yadda aka gano amfanin sukari

A shekarar 1991 wani masani a Amurka mai suna Elliott Blass da abokiyar aikinsa suka gwada ba jarirai ɗan ruwan sukari kafin a soki dunduniyarsu. Waɗanda suka sha ruwan sukari sun yi kusan rabin kukan waɗanda aka ba ruwa zalla. Tun daga lokacin an sake gwada wannan abu a ƙasashe da yawa. A 2016 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken lafiya ta auna shi, ta haɗa bincike 74 da suka shafi jarirai sama da 7,000. Ta samu cewa ruwan sukari yana rage alamun jin zafi idan an soki dunduniya, ko an ɗebi jini a jijiya, ko an yi allura a tsoka.

Abin lura shi ne, aikin yana kan harshe ne. An gwada zura wa bakwaini ruwan sukari ta roba kai tsaye zuwa ciki, bai yi amfani ba. Sai da aka ɗiga a baki suka ɗanɗana zaƙin sannan ya yi aiki. Masana suna ganin ɗanɗanon zaƙi ne yake sa jikin jariri ya saki sinadaransa na kansa masu kwantar da hankali da rage raɗaɗi. Saboda haka yawan abin da aka ba shi ba shi ne muhimmi ba. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2018 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na mililita, wato kamar ɗigo 2, ya yi aiki daidai da wanda ya ninka shi sau goma.

Yadda ma'aikatan lafiya suke bayarwa

Ruwan da aka fi amfani da shi a asibitoci shi ne mai sukari kashi 24 cikin 100, wato giram 24 na farin sukari a cikin mililita 100. Inda babu shi, ruwan gulukos mai kashi 20 zuwa 30 shi ma yana aiki. Ga yadda ake yi:

1. Ma'aikaci ya wanke hannu, ya bayyana wa uwa abin da zai yi da dalilinsa.
2. Uwa ta rungume jariri, kansa ya ɗan ɗago. Ba a ba jaririn da yake kwance rigingine a shimfiɗe.
3. A ɗiga ruwan a gaban harshe da sirinjin da aka cire wa allura, ɗigo bayan ɗigo. Ba a tsiyaya shi cikin maƙogwaro.
4. A jira minti 2 kafin a soka allura. Wannan jira shi ne mutane suka fi mantawa, alhali kuwa a lokacin ne zaƙin yake kama aiki.
5. A bar jariri ya tsotsi wani abu mai tsabta, kamar wankakken yatsan uwarsa. Sukari tare da tsotso ya fi sukari shi kaɗai.
6. Ƙarfinsa 'yan mintoci ne kawai. Idan aikin ya ja lokaci, ana iya ƙara ɗigo ɗaya ko biyu.
7. A rubuta a kati, kamar yadda ake rubuta kowane magani.

Jariri sabon haihuwa ɗigo kaɗan ya ishe shi. Ko wanda ya yi watanni, abin da ake ba shi ba ya wuce mililita 2, wato bai kai rabin cokalin shayi ba.

A ƙaramin asibitin da ba a samun wanda aka haɗa daga kamfani, ma'aikacin lafiya yana iya haɗawa don lafiyayyen jaririn da ba ya shan nonon uwa. Cokalin shayi 1 na farin sukari, a shafe bakinsa, ya kai kimanin giram 4. Idan an narkar da shi a cokalin shayi 3 na ruwan da aka tafasa ya huce, ƙarfinsa ya kusa kashi 24 ɗin. Dole kofi da cokali su zama masu tsabta, a haɗa a lokacin da za a yi amfani da shi, a zubar da sauran. Ruwan sukarin da ya jima a ajiye gidan ƙwayoyin cuta ne.

Akwai jariran da ba a ba su: wanda ba ya iya tsotso ko haɗiya, wanda ya suma ko ya galabaita ƙwarai, wanda cikinsa ya kumbura, da wanda likita ya ce kada a ba shi komai ta baki. Bakwainin da ke cikin kwalba kuwa, likita ne yake yanke shawarar sau nawa za a ba shi a rana, don ba a so a yawaita masa.

Iyakar aikinsa

Ya kamata mu faɗi gaskiya duka. Sukari yana rage zafi, ba ya kashe shi. A 2010 masu bincike a Landan suka auna ƙwaƙwalwar jarirai 59 lokacin da ake soka musu dunduniya. Waɗanda aka ba sukari fuskarsu ta fi kwanciya, amma saƙon zafi ya isa ƙwaƙwalwarsu kamar na sauran. Wannan ya koya wa ma'aikatan lafiya cewa kada su dogara ga sukari shi kaɗai, kuma kada su soki jariri sau uku inda sau ɗaya ya isa.

Amfaninsa yana ga ƙaramin aiki mai wucewa da sauri. Ya fi ƙarfi a makonnin farko na haihuwa, yana raguwa yayin da yaro yake girma. Ga kaciyar yara maza kuwa, rahoton 2016 ɗin nan ya nuna sukari bai isa ba. Kaciya tana bukatar allurar kashe zafi a wurin da za a yanka, a hannun wanda ya koyi aikin, da kayan aikin da aka tafasa ko sababbi. Idan za mu kai ɗa kaciya, mu tambaya tun kafin a fara ko za a yi masa allurar kashe zafi.

Nonon uwa ne kan gaba

Hausawa suna cewa ga magani a gonar yaro. Ga yawancin jariranmu, abin da ya fi dacewa yana jikin uwa, ba sai an saya ba, ba sai an tafasa ba. Bincike da yawa sun nuna cewa jaririn da yake shan nono lokacin da ake soka masa allura kukansa ya fi gajarta, bugun zuciyarsa kuma ba ya tashi sosai. Zaƙin nono bai kai na sukari ba, amma shan nono ya haɗa abubuwa da yawa a lokaci guda: ɗanɗano, tsotso, ɗumin jikin uwa, ƙamshinta, muryarta da rungumarta.

A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawarwari a kan rage zafin allurar rigakafi. A ciki ta ce uwa ko mai reno ta kasance a wurin, ta riƙe jaririn a jikinta, a kuma shayar da shi lokacin allura ko dab da yin ta. Ta ce idan allurai sun fi ɗaya, a fara da mai sauƙin zafi. Ta kuma ce inda ake ba da rigakafin rota, wanda yake kare yara daga wata irin gudawa mai tsanani, a fara ɗiga shi kafin allura, domin akwai sukari a cikinsa. Najeriya ta shigar da rigakafin rota cikin jerin rigakafin yara a 2022. Hukumar ba ta ba da shawarar a ba yaro farasitamol kafin allura ba.

Ga yadda uwa za ta yi:

• Ta zauna da kyau, ta buɗe cinyar jariri ko hannun da za a yi wa allura.
• Ta sa shi a nono kamar minti 2 kafin allura, har ya kama sosai yana haɗiya.
• Ta ci gaba da shayarwa lokacin da ake sokawa da kuma bayan an gama.
• Idan ya saki nono ya yi kuka, ta lallashe shi ta mayar masa.
• Ta yi masa magana a hankali. Jariri yana jin tsoron uwarsa a jikinta.

Tsoron da muke yi cewa nono zai sarƙe shi, binciken da aka yi bai nuna haka ba. Haka kuma jariri ba ya ƙin nono daga baya don an yi masa allura yana sha. Shan nono ba ya ɓata ɗigon rigakafin shan inna ko na rota.

Idan jariri bai iya kama nono ba tukuna, a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a lulluɓe su da zane kamar minti 10 zuwa 15 kafin a fara. Wannan dabara ta samo asali ne a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, inda kwalaben ɗumama bakwaini suka yi ƙaranci, daga baya aka gano tana rage zafin allura ma. Idan uwa ba ta da lafiya, uba ko kaka suna iya yi. Ana kuma iya tatso nono a ɗiga masa a harshe, ko da yake ƙarfinsa bai kai na shan nono kai tsaye ba.

To, wa ya fi bukatar ɗigon sukari? Maraya wanda uwarsa ta rasu wajen haihuwa. Jaririn da uwarsa take kwance bayan tiyata. Jaririn da aka kwantar a asibiti nesa da uwarsa, ana ɗibar jininsa dare da rana. Ga irin waɗannan, ɗigo biyu na sukari babban taimako ne.

Mu yi hattara

Mun yi ta tunani kafin mu rubuta wannan darasi, don muna tsoron kada wani ya ji rabin magana ya je gida ya ce an ce a riƙa ba jarirai ruwan sukari. An sha wahala shekaru da yawa ana koya mana shayar da nonon uwa zalla har wata 6. Wannan koyarwa tana nan daram. Ɗigon sukari magani ne da ma'aikacin lafiya yake bayarwa don wani aiki na minti kaɗan, kamar yadda ake ɗiga rigakafi a baki. Don haka:

Kada mu ba jariri ruwan sukari ko gulukos a gida. Cikin jariri sabon haihuwa ƙarami ne ƙwarai. Idan ruwa ya cika shi, ba zai sha nono sosai ba, nonon uwa kuma zai ragu. Ruwan da ba shi da tsabta yana kawo gudawa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ya ishi jariri ko a watan bazara. Dakashi, wato nonon farko mai kauri, shi ne abincinsa na farko kuma kariyarsa, kada a matse a zubar.

Kada mu ba shi zuma. Zuma tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jikin jariri har ya kasa tsotso da numfashi. Ba a ba yaro zuma sai ya cika shekara 1.

Kada mu rikita shi da ruwan gishiri da sukari. Wancan na gudawa ne, don mayar da ruwan jiki, kuma sukarinsa kaɗan ne a cikin ruwa mai yawa. Ba ya rage zafin allura. Shi kuma wannan mai kaurin, idan aka ba mai gudawa ya sha da yawa, gudawar ƙaruwa za ta yi.

Kada mu rufe bakin jariri mai ciwo da zaƙi. Jaririn da yake ta kuka ba dalili, ko ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko idonsa da tafin hannunsa suka yi ɗorawa, ko cibiyarsa ta yi ja tana wari, ko yana jijjiga, ko numfashinsa yana sauri, asibiti yake bukata a ranar.

Kada sukari ya zama hujjar yankan da ba dole ba. Cire beli da tsaga ba su da amfani ga lafiyar jariri. Suna jawo zubar jini da cutar tetanus mai sandarar da jiki, kuma aska ɗaya da ta yi wa yara da yawa tana yaɗa cuta. Kaciyar mata cutarwa ce tsantsa, dokar tarayya ta 2015 ma ta hana ta. Zafin da ya fi sauƙin magani shi ne wanda ba a jawo shi ba.

Ɗan gajeren wasa

Mata uku suna iya yin wannan a gaban taro, da 'yartsana a matsayin jariri.

*Uwa:* Sannu da aiki, Sista. Na ji an ce idan ina ba shi nono lokacin allura ba zai ji zafi sosai ba. Zan iya?

*Kaka:* Ke, cire masa! So kike ya sarƙe? Mu da muka haifi takwas ba mu taɓa yin haka ba.

*Sista:* Mama, ki bar ta. Da can mu ma haka muke faɗa, amma yanzu an gane yana taimakawa. Zauna nan, 'yar'uwa. Bari ya kama sosai tukuna, ni ma in shirya allurar.

*Kaka:* To, in zaƙi ne maganin, idan mun koma gida sai in dama masa sukari ya sha, ko in lasa masa zuma.

*Sista:* A'a, Mama. A gida nono kawai har wata shida. Sukari mu ne muke ɗigawa a nan, ɗigo biyu, ga wanda ba shi da uwa kusa. Zuma kuwa sai ya shekara.

*Uwa:* Mama, dubi, har an gama. Ɗan kuka kaɗan ya yi ya koma shan nononsa.

*Sista:* Sai bayan sati huɗu ke nan. Mama, ke ma ki rako ta.

Tambayoyi don tattaunawa

• Me mutanen ƙauyenmu suke faɗa game da jin zafin jarirai? Daga ina muka samo wannan tunani?
• Mun san wata uwa da ta daina kai ɗanta rigakafi saboda kuka? Me za mu ce mata yanzu?
• Me ake fara sa wa jariri a baki a nan idan an haife shi? Wa yake yanke wannan shawara a gida?
• Waɗanne irin yanka ko huji ake yi wa jarirai a yankinmu? Wanne ne dole, wanne ne za a iya bari?
• Uwa tana jin nauyin shayarwa a gaban ma'aikaci namiji ko cikin taro? Yaya za mu sauƙaƙa mata?
• Akwai jarirai marayu a cikinmu? Wa yake kai su rigakafi, wa yake rungume su?
• Ta yaya za mu bayyana wa wani bambancin ɗigon sukari na asibiti, da ruwan gishiri da sukari, da ruwan da ake ba jarirai a gida?

Abin da za mu iya yi

Ma'aikatan ƙananan asibitocinmu aiki ya yi musu yawa. Sau da yawa mutum ɗaya ne yake duba kati, ya yi allura, ya rubuta, ga mata hamsin suna jira. Idan muka je musu da faɗa ba za mu sami komai ba. Kwamitin lafiya ya je ya zauna da su a ranar da ba cunkoso, a karanta wannan darasi tare, a tambaye su wane taimako suke bukata. Jiran minti 2 ba zai ɓata lokaci ba idan an tsara: yayin da ake yi wa jariri ɗaya allura, uwa ta gaba a layi ta riga ta sa nata a nono.

Matasa suna iya haɗa benci mai jingina, a ajiye kusa da teburin allura. Zumuntar mata tana iya ɗinka labule, ta kuma zaɓi mata biyu su riƙa zuwa ranar rigakafi suna nuna wa masu haihuwar fari yadda ake riƙe jariri. Maza kuma su raka matansu, su riƙe sauran yaran, su duba kati su tuna ranar komawa. Wanda aka kwantar masa da jariri a babban asibiti ya tambaya cikin ladabi ko uwa za ta iya shayarwa ko rungume shi lokacin ɗibar jini, in kuma ba zai yiwu ba, ko akwai ɗigon sukari.

Kafin ranar rigakafi mai zuwa, kowannenmu ya nemi mai jego ɗaya a unguwarsa ya gaya mata abin da ya koya: ta je da katinta, ta riƙe jaririnta a jikinta, ta ba shi nono kafin a soka allura, kuma ta koma har a gama duka.